Canjin harajin mota da masu ciniki hannu da hannu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni direba ne a Aboabo nan Kumasi, maganata kan yadda canjin haraji ke taɓa mu masu saye da sayar da mota ba dillali. A 2018 aka sa harajin manyan motoci, injin da ya kai cc 2950 sai ka biya sidi 1,000 zuwa 2,000 duk shekara, wallahi lokacin in kana da tsohuwar Land Cruiser da ƙyar ake taya maka, wani maƙwabcina haka ya karya kuɗin tashi ya sayar da asara, 2019 kuma aka soke harajin, bawan Allah har yau abin na cinsa. Sai harajin hayaƙi a 2024, shi ma 2025 aka cire.

Ƙanena da ke Ingila ya ce can tun Oktoba 2014 haraji baya bin mota, ka sayar a maido maka kuɗin cikakkun watannin da suka rage, mai saye ya biya nashi kafin ya hau titi.

Mu nan kuma sai a sayi mota a bar takardu da sunan mai ita na farko shekara da shekaru, in aka yi hatsari shi za a fara nema. Don Allah 'yan'uwa na zango, ku je DVLA, hukumar rajistar motoci, tare ku canja suna, gwamnati ita ma ta riƙa sanarwa da wuri kafin ta taɓa haraji.

Naku,
wani direba, Aboabo, Kumasi