A daina buga chmod 777 a sabar da mutane da yawa ke amfani da ita

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana masu kula da sabar Linux, domin abin nan ya ishe ni.

Mu shida ne muke ajiye fayil a folda ɗaya a wurin aikinmu, kullum sai wani ya kira yana cewa ya buɗe fayil ɗin da abokin aikinsa ya ajiye amma ya ƙi gyaruwa, shi kuma mai kula da sabar da ya gaji da kira sai ya buga chmod 777, wato umarnin da ke buɗe wa kowa izinin fayil, a kan komai ya koma ya zauna abinsa. Washegari a ƙirƙiri sabon fayil, matsala ta dawo sabuwa fil. Ga shi 777 nufinsa duk mai akawun a kan na'urar zai iya canza fayil ɗin ko ya goge shi, har wanda ba ruwansa da aikin.

Tushen abin umask ne, wato saitin da ke yanke izinin da za a cire wa kowane sabon fayil. Galibi 022 ake samu, sabon fayil yana farawa da 666 (kowa na iya karantawa da rubutawa), umask ya cire izinin rubutu na rukuni (masu akawun da aka haɗa ƙarƙashin suna ɗaya) da na sauran jama'a, ya rage 644, mai shi kaɗai ke rubutawa. A mayar da umask 002 sai a samu 664, 'yan rukuni su ma su iya rubutawa. Amma fa wannan bai isa ba, don fayil yakan ɗauki rukunin wanda ya ƙirƙira shi ne. Sai a buɗe rukuni ɗaya a sa kowa ciki, a miƙa masa foldar da chgrp, a buga chmod g+s a kanta, daga nan duk abin da aka ƙirƙira ciki rukunin foldar zai gada.

Ni dai na fi yarda da setfacl -d -m g:aiki:rwx a kan foldar, wanda ke ba rukunin (a nan sunansa aiki) izini a kan duk abin da aka ƙirƙira ciki, saboda umask mutum yake bi ba folda ba, wanda ya turo fayil daga wata na'ura ta SFTP ma ba lallai umask ɗin da aka rubuta masa a .profile, fayil ɗin saitin akawun ɗinsa, ya yi aiki ba, shi kuwa izinin setfacl a jikin foldar yake zaune.

Abu ɗaya da ya ba mu wahala, fayil ɗin da aka ɗauko daga wani wuri da mv yana zuwa da tsohon rukuninsa da tsohon izininsa, wannan sai an bi shi da chgrp da chmod g+w da hannu.

Naku,
Wani mai karatu