Kafin a sayar da gona a tafi Indiya neman maganin daji

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ɗan samar min fili a wannan jarida, ina so in yi magana a kan abin da ya daɗe yana ci min rai, wato ciwon daji na fata da kuma yadda muke yi da zarar likita ya ce kansa ce, sai kawai a fara lissafin kuɗin jirgi. Ni ba likita ba ne, malamin makaranta ne a nan Gombe, amma na yi jinyar kawuna tun daga kemis ɗin unguwa har birnin Delhi, kuma abin da idona ya gani shi zan faɗa.

Kawu ɗan kasuwa ne a Tudun Hatsi. Yana ƙarami ya faɗa wutar jin ɗumi lokacin hunturu a ƙauyenmu ta wajen Dukku, ƙwaurinsa na hagu ya ƙone, ya warke ya bar tabo, tabon nan ya fi shekara 40 bai taɓa damunsa ba. Sai a 2021 wurin ya ɗan tsage, aka ce gyambo ne, aka shiga diresin a kemis, yau ya yi kamar zai kame gobe ya sake buɗewa, aka sha kafso har aka gaji, aka koma wajen masu magani, wannan ya ba da garin barbaɗawa wancan ya ba da na wankewa, wani ma ya ce sammu ne daga abokan kasuwa. Da wurin ya fara wari, bakinsa ya kumbura ya juye waje, ko ɗan taɓawa aka yi sai jini, sai manyan gida suka ce ai wannan daji ne, kuma daji ba ya son ƙarfe ba ya son allura, kar a kuskura a kai shi asibiti. Wallahi wannan maganar ita ta cinye mana fiye da shekara biyu. Duk mai karatu ya san ta, a kowane gida ana faɗinta, kuma ban san wata magana da ta kai ta jawo yanke ƙafafun mutane a ƙasar nan ba.

A ƙarshen 2023 na matsa muka je asibiti. Likitan tiyata yana kwance bandejin ya ce sai an ɗan yanki tsoka an kai lab, kawu ya ce shi sam, na yi ta lallashi, na ce Kawu don girman Allah ka bari, abin da za a ɗiba bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Risalt ya fito, sunan abin wai sukwamos sel kasinoma, wato kansar da ke tasowa daga ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗu a saman fata. Irin waɗannan ƙwayoyin akwai su a cikin baki da maƙogwaro da bakin mahaifa, shi ya sa za ka ji sunan ciwon ɗaya amma wurin daban, maganin ma ya ɗan bambanta. Likitan ya ce a wajen Turawa zafin rana ne ya fi kawo ta, amma mu baƙar fata ta fi fitowa a tsohon tabon ƙuna ko gyambon da ya ƙi warkewa, har suna gare ta, gyambon Majolin, sunan wani likitan Faransa da ya yi bayanin irin wannan gyambo tun 1828. Kuma ya ce wadda ta fito a tabo ta fi saurin yaɗuwa a kan wadda rana ta kawo.

Toh ga abin da ya rubuta mana, har yanzu takardar tana wajena. A yi tiyata a yanke ciwon gaba ɗaya har da ɗan lafiyayyen naman da ke kewaye da shi, a ɗebo fata daga cinya a rufe wurin, a kai abin da aka cire lab a duba ko an bar saura, in da saura ko ya yi zurfi sai a tura shi gashi, wato a haska wurin da na'ura mai kashe ƙwayoyin kansa. Ya ce tunda hoto ya nuna bai kai ƙashi ba, kuma babu kaluluwa, ƙafar za ta tsira in an yi da wuri. Da wuri, sau uku yana maimaitawa.

Mu kuwa me muka yi? Muka koma gida aka yi taron dangi, hankali a tashe, wani ya ce asibitin Najeriya yanke ƙafa kawai suka iya, wani ya kawo lambar wani dillali mai kai mutane Indiya. Mutumin nan ya ce a can ba a yanka, da na'ura ake ƙone ciwon sati biyu a dawo. Bai ko nemi ganin risalt ɗin ba, kuɗin ajiya ya fara tambaya. Kuma lokacin ne dala ta haukace, kun dai tuna a farkon 2023 tana ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati, amma a watan Fabrairun 2024 ta haura 1,500, duk abin da muka tara da safe kafin yamma ya zama ba komai. Aka sayar da gonar kawu ta gado, aka sayar da shanu huɗu, matarsa ta sayar da ɗan kunnenta na gwal, aka yi fasfo, aka jira takardar gayyata daga asibitin can, aka jira biza tasa da tawa ta mai jinya, kafin mu hau jirgi wata uku sun wuce cif. A cikin wata ukun nan ne kaluluwa ta fito masa a matsematsi.

Zan yi wa mutanen can adalci. Asibitinsu tsaf, in an ce ƙarfe 9 to ƙarfe 9 ne, wuta ba ta ɗaukewa, na'ura tana aiki, a kwana huɗu an gama duk hotunan da za a yi. Amma Malam Edita da likitan ya karanta takardar likitanmu na gida sai ya ce wannan daidai ne, abin da zan yi ke nan ni ma, me ya sa ba ku yi ba tun lokacin? Na rasa amsar da zan ba shi. Aka yi tiyatar nan dai da muka gudu, aka ɗebi fatar cinya, sai dai yanzu an ƙara da cire kaluluwar matsematsi, sannan gashi sau 30, kullum Litinin zuwa Juma'a har sati 6. Sati biyun dillali ya zama kusan wata uku. Kuɗin ɗaki, kuɗin abinci, kuɗin tafinta, canza tikiti, kuɗi suka ƙare tas muna tsakiyar gashi, sai da aka yi shela a masallacin unguwa da guruf ɗin 'yan kasuwa na WhatsApp aka tura mana, Allah ya saka musu da alheri. Shi kuwa dillalin tun da muka sauka wayarsa ta daina shiga.

Kar a fahimce ni ba daidai ba, ban ce fita waje haramun ba ne. Akwai wanda fitar ce mafita. Akwai wata irin tiyata da ake kira Mohs, ana yanka ciwon siriri siriri ana dubawa a madubin likita nan take har sai an ga wuri ya yi fes, tana da amfani sosai in ciwon a fuska yake kusa da ido ko hanci ko leɓe inda ba a son ɓarnar nama, kuma ba kowane asibiti ke yin ta ba. Akwai kuma sababbin allurai masu zaburar da garkuwar jiki ta yaƙi kansar da kanta, irin su Libtayo da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2018 don wannan kansar fatar in ta yaɗu ko ta fi ƙarfin tiyata da gashi, ana sa ta ta jijiya duk sati uku, sai Keytruda da aka ƙara a 2020, tsadarsu kuwa ba a magana, kuma ba allura ɗaya ba ce a ce an gama. Akwai kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa, irin su sisfilatin da ake haɗawa da gashi musamman a ta baki da maƙogwaro, wannan kam ana yi a nan gida Najeriya. Sannan gaskiya ne na'urorin gashinmu ba su da yawa, daga Gombe ko Bauchi mutum zai iya tsintar kansa a Zariya ko Abuja ko Maiduguri ko ma Legas, ga layi, wani lokacin a ce na'ura ta lalace a dawo wata mai zuwa, kuma gashi ba ya son a katse shi a tsakiya. Wanda ya shiga wannan halin kuma yana da hali, ba zan ce masa kar ya je Masar ko Indiya ba.

Abin da nake roƙo kawai, a bari likitan da ya ga ciwon da idonsa shi zai ce a fita, ba dillali ba, ba taron dangi ba. A tambaye shi ƙarara, Likita wane mataki ciwon yake, me za a iya yi a nan, in mun jira wata uku me zai faru? In fitar ta zama dole a tura risalt da hotuna can tukuna su rubuto abin da za su yi da kuɗinsa da yawan kwanaki, a biya asibiti kai tsaye, a karɓi ɗan gilashin lab da aka duba tsokar a tafi da shi, mu ba mu sani ba sai da aka sake yankar kawu aka sake cajin mu. Kuma a san wa zai ci gaba da dubawa in an dawo, don wannan ciwon yana iya dawowa musamman a shekarun farko, mu da kunya muka koma wajen likitanmu na farko, bawan Allah bai ce mana komai ba ya buɗe fayil ya ci gaba.

Akwai waɗanda suka fi ba ni tausayi ma, su ne 'yan uwanmu zabiya. Fatarsu ba ta da abin da ke tare zafin rana, wannan kansar ita ta fi addabarsu, ga ranar Gombe a watan Maris da Afrilu kowa ya san ta. A makarantarmu akwai yarinya zabiya, da tsakar rana za ka gan ta da farantin talla a ka, wuya da leɓe duk sun yi ɓawo-ɓawo. Irin wannan ɓawon tun yana ƙarami likitan fata na iya daskarar da shi ko ya ba da man shafawa ya mutu, ba jirgi ba biza. Na je na sami babanta na ce Malam don Allah a bar ta ta riƙa fita da safe ko da yamma, a sa mata malafa da riga mai dogon hannu, ya ce zai duba, man kariya daga rana kuwa ya ce ba shi da kuɗinsa, kuma gaskiyarsa ne.

Gwamnatin tarayya tana da asusun tallafa wa masu kansa marasa ƙarfi, kuma Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe yana cikin waɗanda aka fara da su, amma da kansar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, wato furostet, aka faro shi. Ina kira ga masu ruwa da tsaki a saka ta fata a ciki. Gwamnatocin Gombe da Bauchi kuma su raba man kariya kyauta ga zabiya a asibitocin sha ka tafi, su umarci masu diresin a kemis da ƙananan asibitoci cewa duk gyambon da ya wuce wata biyu zuwa uku bai warke ba, balle a kan tsohon tabon ƙuna, a tura shi babban asibiti a ɗebi tsoka. Malamanmu ma su taimaka a huɗuba a kashe maganar nan ta daji ba ya son ƙarfe, mutane sun fi jin maganarsu a kan ta likita.

Kawu yana nan da rai alhamdulillahi, ƙafar tana kumbura saboda kaluluwar da aka cire, da sanda yake tafiya, ya koma Tudun Hatsi amma yanzu a rumfar wani yake zama yana awo ana biyansa. Ranar Talata mai zuwa zan sake kai shi a duba matsematsin, ina roƙon masu karatu su sa shi a addu'a.

Wassalam.

Naku,
Mai karatu daga Jekadafari, Gombe