Wasiƙa zuwa ga ɗiyata a kan bashin da take cewa tana biya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗiyata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin isa lafiya, kin kuma fara sabawa da wurin aikinki da mutanensa. Babanku yana gaishe ki. Ranar da kika tafi na so in zaunar da ke mu yi magana, amma ba a fafe gora ranar tafiya, sai na haɗiye abin da ke bakina na sa miki albarka. Da na ci gaba da haɗiye shi ba don maganar da Gwaggonku ta kawo mini ba, cewa da ta tambaye ki dalilin da ya sa kika bar aikin da Kawunku ya samo miki kika zaɓi koyar da yara masu nakasa, sai kika ce mata bashi kike biya. Tun daga ranar ban yi barcin kirki ba.

Kada ki ɗauka aikin nake ƙi. Ni da na yi shekara 31 da alli a hannu ba zan raina koyarwa ba, balle koyar da waɗanda aka fi mantawa da su. Kin san saboda makaho aka saukar da farkon Suratu Abasa, wato Abdullahi ɗan Ummi Maktum, wanda daga baya ya zama ladani tare da Bilal, har akan bar masa riƙon Madina idan an yi tafiya. Buƙatar kuwa ba ta ɓuya ba, domin a 2021 hukumar UNICEF ta ƙiyasta cewa yara kusan miliyan 240 ne ke da nakasa a duniya, kimanin ɗaya cikin kowane goma. Kalmar nan ta bashi ita ce ta tsaya mini a rai.

Mai biyan bashi kullum idonsa yana kan ranar da zai gama, ke kuwa wanda kike ganin yana bin ki, wato ƙaninki mai nakasa, ya riga mu gidan gaskiya, babu ranar da zai ce miki ya isa haka. Tsorona shi ne ki shiga aji kina neman ƙaninki a fuskar 'ya'yan mutane. Wannan aiki tafiyar hawainiya yake yi. Yaron da ƙwaƙwalwarsa ta sami rauni wajen haihuwa yana iya yin watanni kafin ya riƙe cokali da kansa. Fiye da tara cikin goma na yara kurame iyayensu masu ji ne, don haka wani zai zo miki da shekara bakwai ko takwas ba shi da harshen da zai faɗi ko da sunansa, sai kin fara masa maganar hannu daga tushe. Rubutun makafi da Louis Braille ya tsara a Faransa a 1824, yana ɗan shekara 15, ɗigo shida ne kacal, amma kafin yatsan yaro ya rarrabe su sai an sha wuya. Za ki goge miyau, za ki sauya ƙunzugu, za ki kwantar da mai farfaɗiya a gefensa kina duban agogo ba tare da kin tura masa komai a baki ba. Wata rana kuma za ki iske kujera ɗaya babu kowa a kanta, a ce miki yaron ya rasu cikin dare. Idan da nufin biyan bashi kika je, a ranar nan za ki ga kamar an ninka miki shi ne, kuma na san zuciyarki, za ta karye. Idan ta karye za ki tattara kayanki ki dawo, ki bar yaran da suka riga suka haddace muryarki da taɓin hannunki, waɗanda wasunsu sauya musu wurin zama kaɗai yakan hana su sukuni mako guda, balle sauya musu malama. Wannan nake gani duk lokacin da na rufe ido, ke a karye, su kuma suna jiran wadda ba za ta dawo ba.

Tausayi ma ba zai riƙe ki ba, kuma ni ce shaida. Mai gashin ƙashi ta sha gaya mini in bar ƙaninki ya yi fama da maɓallin rigarsa, in bar shi ya miƙa hannu da kansa, amma na kasa jure kallon wahalarsa, sai in yi masa komai, har gaɓoɓinsa suka ƙara sandarewa. Na amsa wannan laifi. Amma abin da kika faɗa mini a gaban mutane ranar da kika karɓo takardar shaidarki, cewa ɓoye shi na yi a ɗaki, ban amsa ba, kuma har yau yana yi mini ciwo. Ina kike lokacin da na goya shi na zaga makarantu uku, kowacce ta ce ba ta da wurin irinsa? Wa ya gaya mini, sa'ad da idanunsa suka yi rawaya a kwana na uku, cewa shawara mai tsanani idan ba a yi maganinta da sauri ba tana taɓa ƙwaƙwalwar jariri har ta kashe masa ji? Kin karanta a littafi cikin zango ɗaya abin da ni na koya da hawaye cikin shekara goma sha ɗaya, sa'an nan kika juyo kina auna ni da shi. Ina jan kunnenki, kada ki kuskura ki yi wa uwar wani yaro irin wannan kallo. Ita ce ke tashi da shi da tsakar dare, ta kuma san abubuwa game da ɗanta waɗanda babu su a takardunki, don haka ki saurare ta kafin ki buɗe baki.

To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na san daren da kike nufi. Shekararki goma sha huɗu, ke kika ba shi abinci, ya ƙware, bayan kwana uku zazzaɓi ya rufe shi. Likita ya yi mana bayani ni da Babanku cewa yara irinsa haɗiya tana yi musu wuya, abinci da ruwa sukan riƙa zurarewa cikin huhu kaɗan-kaɗan shekara da shekaru ko wa ke riƙe da cokalin, kuma ciwon huhu shi ne ya fi ɗauke su. Sau dubu nawa ni na ba shi ya ƙware a hannuna? Kwanansa ne ya ƙare. Kuskurena shi ne da ban zaunar da ke na gaya miki wannan ba, na ɗauka yarinya ce ke, za ki manta. Ki yafe mini wannan shiru.

Kin tuna labarin Anne Sullivan da nake ba ku kuna ƙanana? Akwai ɓangaren da ban taɓa faɗa muku ba, domin a lokacin ba zan iya ba. Ita ma ƙaninta ya mutu a gidan gajiyayyu a Amurka tana yarinya, ga ciwon ido da ya kusa makantar da ita. Amma da ta isa wurin Helen Keller a watan Maris na 1887, tana da shekara 20, ta tarar da yarinya kurma kuma makauniya wadda tausayin iyaye ya sangarta, sai ta tsaya kai da fata cewa yarinyar nan za ta iya, ta hana a riƙa yi mata abin da za ta yi da hannunta. Kowa yana tuna ranar da ta rubuta mata sunan ruwa a tafin hannu a bakin famfo, amma ni abin da nake tunawa shi ne ta zauna tare da ita shekara 49, har Anne ta rasu a 1936. Ban yarda baƙin ciki kaɗai zai zaunar da mutum tsawon wannan lokaci ba.

Ke ma kina da dalilin da ya fi wanda kika faɗa wa Gwaggonku, kuma na gan shi da idona. Ke kika fara gane cewa idan ƙaninki ya ɗaga ido sama yana nufin i, alhali ni da na haife shi ban lura ba. Ke kaɗai ce kike yi masa faɗa idan ya yi rashin ji, kina tsokanarsa yana ƙyaƙyata dariya, saboda ke ƙani kika ɗauke shi, mu kuwa majinyaci. Da wannan idon nake so ki shiga aji. Ki riƙa hutawa ranar hutu, kada ki ce komai sai ke, ki kuma nemi tsofaffin malaman wurin ki gaya musu idan abu ya yi miki nauyi.

Na sa littafin nan mai shuɗin bango a cikin saƙon da zai iso miki, wanda kika riƙa rubuta alamominsa a ciki da rubutunki na 'yar firamare. Ban taɓa iya buɗe shi ba sai jiya. Ki kira Babanku ranar Juma'a, domin shi ma maganar ta dame shi ko da yake bai ce komai ba, sa'an nan ki rubuto mini ki gaya mini yara nawa aka ba ki da abin da kowannensu yake so. Allah ya yi miki albarka, ya jiƙan ƙaninki.

Mahaifiyarki.