Sanarwa: kalmar wannan makon

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

Darasin Turancinmu yana nan ranar Asabar, ƙarfe 8:30 na dare. Kalmarmu ita ce "repass", wato sake wucewa ta inda aka bi. Ba kasafai ake jin ta a hira ba, ta fi zama a takardun shari'a: "pass and repass" shi ne haƙƙin kai-komo a kan hanya. Haka ma ana amfani da ita idan shugaban ƙasa ya ƙi sa wa ƙuduri hannu, majalisa ta sake zartar da shi. Kada a rikita ta da "repast", wannan abinci ne.

Kowa ya turo jimla biyu kafin daren Juma'a, a rubuce, ban da saƙon murya. Masu leƙe ku wuce, har da ku fa.

Allah ya kai mu lafiya.