Sanarwa kan takardun neman zama ɗan ƙasa

Salamu alaikum jama'a, don Allah a isar wa ƴan uwanmu baƙi da suka daɗe a Kaduna masu son zama ƴan Najeriya. Sashe na 27 na tsarin mulkin 1999 ya ce sai mutum ya shekara 15 a ƙasar, kuma Ma'aikatar Cikin Gida ce ke karɓar takardu. A tanadi fasfo da takardar haihuwa da izinin zama da shaidar biyan haraji da ta sana'a da wasiƙun masu tsaya maka. Wallahi harajin nan shi ne matsalar ƴan kasuwa, mutum yana da shago a Kasuwar Barci amma ko rasit ɗaya bai ajiye ba. A duba sunaye ma, kar fasfo ya ce Muhammad wata takardar ta ce Mamman.