Dariyar da aka yi wa tauraron ɗan'adam ta ɓata mini rai

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Na saurari shirinku na daren Laraba, kuma wallahi da ɓacin rai na kwana. Baƙonku ya ce kuɗin da ake ba hukumar binciken sararin samaniya, NASRDA, asara ce tsagwaronta, wai mu da ba mu gama da ƙasa ba me zai kai mu sama. Mai gabatarwa ya kwashe da dariya, ko tambaya ɗaya bai yi masa ba. Dariyar nan ce ta sa na ɗauki biro.

Ni manomi ne a bakin kogin Haɗeja. A damunar 2022 ruwa ya cinye mini shinkafa saura kwanaki a yanka ta. Na tsaya cikin gona ruwa har ƙugu, ina kallon zangarniya tana nutsewa, ga bashin taki a wuyana, ga injin ban-ruwana a ƙarƙashin laka. Maƙwabcina kuwa ɗansa yana bin hasashen yanayi a waya, shi ya matsa masa suka kwashe injinsu da buhunan da ke bukka tun kafin ruwan ya iso. Da na tambayi yaron daga ina masu hasashen ke sanin haka, sai ya nuna mini hoton hadari da tauraron ɗan'adam ya ɗauko daga sama. Tun ranar na daina yi wa abin nan kallon wasan masu kuɗi. Baƙonku da bai taɓa kwana yana gadin jinga ba, shi zai gaya mini saman ba ta shafe ni ba?

Ya yi ta nanata labarin tauraron sadarwar Najeriya, NigComSat-1, da aka harba daga China a 2007 ya mutu a 2008. Gaskiya ne, mu ma ya yi mana ciwo. To me ya hana shi faɗin cewa an maye gurbinsa a Disambar 2011? Me ya hana shi ambaton NigeriaSat-X, tauraron ɗaukar hoton ƙasa daga sama, wanda injiniyoyinmu 'yan ƙasa suka haɗa da hannunsu a Ingila aka harba shi a Agustan 2011? Waɗannan taurari sun haura shekara goma a sama, sun tsufa. Abin da ya kamata ku tambaya ke nan: ina na maye gurbinsu? Ba a fafe gora ranar tafiya. Indiya ma tana da talakawanta, amma a 2023 ta sauke kumbonta a kan wata.

Har binciken da ake yi a nan ƙasa bai tsira daga bakinsa ba. Ni na shuka waken SAMPEA 20-T da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya, ta fitar a 2019. Da can sai na yi feshi sau shida, sau bakwai, tsutsa na cin furen, ƙirjina na zafi saboda warin magani. Da wannan irin sau biyu na fesa. Wasu ne suka shekara da shekaru a kansa da kuɗin gwamnati kafin ya iso hannuna. In ana satar kuɗin bincike, a kama ɓarawon a hukunta shi, ni ne farkon mai goyon baya. Amma a ce a rufe ɗakin binciken gaba ɗaya, wannan ban yarda ba, kuma ina roƙon ku gayyato masanin abin ya ba shi amsa a wannan fili.

Sannan don Allah ku dubi tallar maganin basir da kuke katse shirin da ita har sau uku cikin rabin awa. Layin wayarku ma na kira ya fi sau goma a daren nan, ba a ɗauka ba.

Naku mai sauraro kullum,
wani manomi daga ƙasar Haɗeja, Jihar Jigawa