Masu asma na buƙatar darasin natsuwa da Hausa

Malam Edita,

Da hunturu ya kankama a Gusau, ƙura ta turnuƙe gari, mu masu asma sai barci ya ƙaurace mana. Ni tsoro ne ke riga toshewar ƙirji zuwa, hannu na rawa ina laluben Ventolin, maganin asma da ake shaƙa, a ƙarƙashin matashin kai.

Ɗiyata ta sa min wata manhaja a waya mai koyar da natsuwa: ka zauna minti 10, ka bi numfashinka yana shiga yana fita. Ba ta maye gurbin magani, ko kusa, amma fargabata ta ragu sosai. Sai dai da Turanci take, ga cin data.

Ina roƙon likitocinmu su naɗa irin wannan darasi da Hausa, a riƙa turawa ta WhatsApp.

Naka,
Mai karatu daga Gusau